Belit, sarauniyar 'yan fashin teku a labarin Konan: jaruma ce ko azzaluma?

Shamsu_Kurna:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni ga duk wanda ya karanta labarin nan na Robert E. Howard mai suna Queen of the Black Coast, wanda ya fara fitowa a mujallar Weird Tales a watan Mayun 1934. Masu son labaran takobi da tsafi suna yawan cewa a duk labaran Konan, jarumin takobin da Howard ya ƙirƙira, babu mai taɓa zuciya kamarsa, saboda soyayyar da ke tsakaninsa da Belit. Na karanta, kuma ban musa ba, labarin yana da ƙarfi. Amma akwai wurin da ya tsaya mini a rai.

Da suka isa kufan tsohon birnin nan da ke can cikin kogin Zarkheba, sun tarar da wani makeken dutsen tsafi. Belit ta yi zargin akwai dukiya a ƙarƙashinsa, ta kuma yi zargin akwai tarko. Ta sa ƙarti huɗu daga cikin mayaƙanta su ɗaga dutsen, Konan ma ya sa hannu. Sai ta ƙwala ihu wai ga maciji a cikin ciyawa, Konan ya zo ya kashe shi. Yana barin wurin, hasumiya ta rufto ta danne mutum huɗun nan. Da bakinta ta ce babu wani maciji, dabara ce ta janye masoyinta daga haɗari. Aka kwashe duwatsu, aka janye gawarwaki, aka shiga kwasar lu'ulu'u.

Mutanen nan fa su ne suke bin ta ido rufe, suna ɗaukar ta abar bauta. To ita wannan mata jaruma ce ko azzaluma? Shi kuma marubucin, so yake mu ƙyamaci abin da ta yi, ko shi ma bai ɗauki mutum huɗun a bakin komai ba?

Ɗan_Gwale:
Wa alaikumus salam. Wannan ba shi ne fim ɗin Arnold Schwarzenegger ba? Wanda budurwarsa ta mutu ta dawo ta tare masa sara?

Bashir_Mai_Zane:
@Ɗan_Gwale a'a ɗan'uwa, fim ɗin 1982 labarinsa daban. Matar da ke ciki sunanta Valeria, Sandahl Bergman ce ta fito a matsayinta. Sai dai dawowar da ta yi bayan mutuwa don ta ceci Konan, daga labarin Belit aka aro ta. Amma a fim ɗin babu jirgin 'yan fashi, babu kogin guba, babu kufai.

Maman_Ihsan:
Malam Shamsu, ni amsata ita ce duka biyun, kuma abin da ya sa nake son labarin ke nan. Ka duba sauran matan da ke cikin yawancin labaran Konan: an sace su, suna kuka, suna jiran ya zo ya cece su. Belit kuwa ita ce mai jirgi, ita ce mai mayaƙa, ita ke tsara inda za a kai hari. Konan dai ƙarfin damtse ne, kuma labarin ya faɗa ƙarara cewa shi bai damu da inda za a nufa ba muddin ana tafiya ana faɗa. Ranar da suka fara haɗuwa ma ita ce ta hana a soke shi da masu, bayan ya yi wa mutanenta ɓarna a kan jirginta mai suna Tigress. Ita ta zaɓe shi, ba shi ya zaɓe ta ba.

Mace irin wannan ba za ta zama mai tausayi ba. Da Howard ya sa ta zauna tana kukan mutum huɗun nan, da ya yi mana ƙarya. 'Yar fashi ce, garuruwa take ƙonawa. Ni na karanta wurin a matsayin shaida cewa son da take yi wa Konan na mutum ɗaya ne tak, kowa ma ya mutu.

Abu_Maiurno:
Hajiya Maman Ihsan, na ji bayaninki, amma akwai abin da kika tsallake. Ba rashin tausayin Belit ne matsalar ba. Matsalar ita ce su wane ne ke mutuwa. Duk mayaƙan jirgin baƙaƙe ne, ita kaɗai ce fara, kuma marubucin bai gaji da nanata farin jikinta ba. Cikin dukkan ma'aikatan jirgin nan mutum biyu kawai aka ba suna: N'Gora, ƙaramin shugaban mayaƙa, da tsoho N'Yaga mai magani. Sauran kuwa sai dai maciji ya fizge ɗaya a kogi, dutse ya danne huɗu, wasu su faɗa daga kan dutse saboda firgita, saura kuraye su yayyage. Ƙarshen labari babu ko ɗaya da ya tsira. Belit aka yi wa makoki na sarauta, su ko kabari ba a ambata ba.

Wani abin da ya fi ci mini rai, ni da nake zaune a Sudan, shi ne sunan Kush. Can ne fa jirgin fatake na Tito, wanda ya ɗauko Konan a farkon labari, ya nufa da duwatsun ado da yadi don ya sayo hauren giwa da bayi. Kush ta gaskiya daula ce a nan ƙasar, mai biranen Napata da Merowe ta dā. Sarakunanta irin su Piye da Taharƙa sun mulki Misira kanta a ƙarni na 8 da na 7 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Dalolinsu suna nan tsaye har yau. Mutum ya ɗauki wannan suna ya liƙa wa bukkoki a bakin teku da ake ƙonawa don nishaɗin mai karatu.

Baba_Tanko:
Ɗana Abu, maganarka gaskiya ce, ba mai ja. Bari in ƙara muku da wane ne mutumin. An haifi Howard a 1906, ya yi yawancin rayuwarsa a wani ɗan ƙaramin gari, Cross Plains, a jihar Tekzas ta Amurka. Mahaifinsa likitan karkara ne. A lokacin nan dokar wariyar launin fata tana aiki a kudancin Amurka: makaranta daban, wurin zama a jirgin ƙasa daban. Mujallar da yake rubuta wa kuma irin ta takarda mai araha ce, ana biyan marubuci gwargwadon yawan kalmominsa, kuma sau da yawa kuɗin kan makara. Editanta Farnsworth Wright ya san abin da masu saye ke so, shi ya sa ake cika bangon da zanen mata. Zanen bangon fitowar da wannan labari yake ciki Margaret Brundage ce ta yi shi.

Labarin Konan na farko ya fito a Disambar 1932, Howard ya rasu a watan Yunin 1936 yana ɗan shekara 30. Ya kashe kansa ne da aka shaida masa mahaifiyarsa, wadda ta daɗe tana fama da tarin fuka, ba za ta farfaɗo ba. Ka ga duk Konan ɗin da duniya ta sani, a cikin 'yan shekarun nan aka rubuta shi. Yaro ne mai baiwa, wanda ya sha abin da garinsu ya shayar da shi.

Abu_Maiurno:
Baba, Allah ya ƙara girma. Na yarda wannan ya bayyana dalili, amma bai wanke shi ba. A wannan zamanin dai akwai baƙaƙen marubuta a Amurka da suke rubutu ana bugawa, a unguwar Harlem ta birnin New York da sauran wurare. Ba a ce ilimin babu shi ba.

Baba_Tanko:
Ban ce a wanke shi ba, ɗana. Cewa na yi a san tukunyar da aka dafa abin.

Lauya_Sadiya:
Ku yi mini afuwa in ɗan karkata. Ni farkon labarin ne ya fi kama ni, tun kafin a ga teku. Konan ya sheƙo a kan doki, ya yi tsalle ya dira cikin jirgin Tito da takobi a hannu, dakarun sarki na biye da shi. Da aka yi nisa yake ba da labarin abin da ya faru: wani hafsan dogaran sarki ya ci zarafin budurwar wani matashin soja a gidan giya, sojan ya kashe shi ya gudu. Aka kawo Konan gaban alƙali a ce ya faɗi inda yaron ya ɓuya. Ya ce abokinsa ne, ba zai bashe shi ba. Alƙali ya yi ta yi masa bayanin haƙƙin hukuma da na al'umma, ya yi barazanar jefa shi kurkuku. Konan ya ga kamar duk mahaukata ne, ya zare takobi ya raba kan alƙali biyu.

A aikina na sha ganin shaida ya tsaya a gaban kotu yana zufa, amana na jan sa nan, doka na jan sa can. Howard ya kama wannan damuwa daidai, sai dai ya warware ta da takobi, kuma ya shirya wurin yadda mai karatu zai goyi bayan mai takobin. Abin lura shi ne, mutumin da ya kashe alƙali don kada ya ci amanar aboki ɗaya, shi ne ya tsaya yana kallo aka ci amanar mutum huɗu bai ce uffan ba. Don haka Malam Shamsu, tambayarka ba Belit kaɗai ta shafa ba.

Shamsu_Kurna:
Anti Sadiya, wannan ya ƙara wa abin nauyi. Kuma shi Tito ɗin da ya ɗauke shi a jirgi, mutanen Belit ne suka kashe shi da duk ma'aikatansa. Kafin jininsu ya bushe Konan ya amince ya zama abokin zamanta.

Baba_Tanko:
Wannan batu na kotu da 'yata Sadiya ta kawo, shi ne aƙidar Howard gaba ɗaya. Tun daga 1930 yake musayar wasiƙu da wani marubuci, H. P. Lovecraft, suna jayayya a kan wanne ya fi, wayewar birni ko rayuwar mutumin daji. Howard yana ganin wayewa rufi ce kawai a kan zalunci. Ya ga yadda haƙar man fetur ta cika garinsu da baƙi da 'yan caca da masu laifi a shekarun 1920, abin bai bar ransa ba.

Ɗan_Yauri:
Ni ba ɗan boko ba ne sosai, ƙanena ne ya karanta mini yana fassarawa a waya, dare biyu muna kan ruwa. Sana'ata tuƙin jirgi a kogin Kwara. Abin da zan ce, mutumin nan ya san tsoron ruwa. Wurin da dodon mai fukafukai da ke kufan birnin ya bar su suna ta murnar dukiya, ya lallaɓa jirgi ya farfasa gangunan ruwan sha, nan na ce lallai abokin gaba mai hankali ne. Kana tsakiyar kogi, ruwa ta ko'ina, amma guba ne ba ya shayuwa. Dole ka raba mutanenka, wasu su shiga daji neman ruwa, wasu su tsaya gadin kaya. Da ka rabu kuwa an gama da kai. Ba da ƙarfi ya ci su ba, da ƙishirwa ya ci su.

Inda ban gamsu ba shi ne ƙarshe. Jirgin da sai mutane da yawa sun ja filafili yake tafiya, a ce mutum ɗaya ya fito da shi daga wannan kogi mai kwana-kwana har bakin teku? Ko da ruwa na gangarawa da kai, a kwanar farko za ka soki gaɓa ko ka hau yashi. Wannan kam marubuci ne ya tura masa jirgin.

Bashir_Mai_Zane:
Yaya Ɗan Yauri, garinsu Howard yana da nisa da teku sosai, ilimin jirginsa na littafi ne. Amma batun gangunan ruwa da ka faɗa ban taɓa lura da shi haka ba.

Ustaz_Nura:
Ni abin da zan ja hankali a kai daban ne. Akwai doguwar hira a tsakiyar labarin, da dare suna haura kogi, inda Belit ke tambayar Konan game da abin bautarsa. Ya ce nasu sunansa Krom, yana zaune a kan wani dutse, ba ya jin roƙo, gara ma kada ka ja hankalinsa. Ya ce bayan mutuwa babu komai sai yawo cikin hazo. Sannan ya ce shi dai a bar shi ya ci nama, ya sha giya, ya rungumi mace, ya yi yaƙi, ya wadatar. An rubuta wurin da daɗin baki ƙwarai, kuma nan ne haɗarin yake. Babba mai hankali zai karanta ya wuce. Yaro ɗan sakandare kuwa zai iya ɗaukar wannan a matsayin jarumtaka. Ga kuma rawar da ta yi a kan jirgi da yanayin shigarta. Ni ba zan miƙa wa ɗana shi ba.

Maman_Ihsan:
Ustaz, a kan yara na yarda da kai ɗari bisa ɗari, ba littafin yara ba ne. Amma hirar nan ita ce ginshiƙin labarin. Konan ya ce babu komai bayan mutuwa, Belit ta ce akwai, har ta yi masa alkawari ko tana cikin matattu in ya shiga halin mutuwa za ta dawo ta taimake shi. Ƙarshe wa ya yi gaskiya? Ita. Ya faɗi, ɓaraguzan ginshiƙi sun danne masa ƙafafu, takobi ya yi nisa da hannunsa, dodo na tahowa, sai ga ta ta gifta tsakaninsu. Labarin da kansa ya ƙaryata maganar Konan. Wanda ya karanta har ƙarshe ba zai fita da cewa mutuwa ce ƙarshen komai ba.

Ustaz_Nura:
Hajiya, ya ƙaryata wani ɓata da wani ɓatan ne. Amma na fahimci abin da kike nufi ta fuskar ginin labari.

Zinariya_Damagaram:
Ba wanda ya yi maganar kurayen! Ni su suka hana ni barci. Konan ya shaƙi ƙamshin baƙin furen bado a daji, barci ya kwashe shi, a mafarki ya ga tarihin birnin: mutane ne masu fukafukai, masu ilimi, girgizar ƙasa ta gurɓata ruwan da suke sha, waɗanda ba su mutu ba suka riƙa lalacewa zuriya bayan zuriya har suka koma cin junansu, saura guda ɗaya. Shi wannan ɗayan ne ya mai da wasu mayaƙan Stijiya, wata ƙasa a cikin labarin, kuraye. Da Konan ya hau kan dala da baka yana harbin su cikin farin wata, duk wadda ta mutu sai ta koma gawar mutum.

Kakata a ƙauyenmu tana ba mu labarin mutanen da ke rikiɗa su zama kura da dare. Takan ce in maharbi ya harbi irin wannan kura, da safe a bi sawun jini, sai a tarar ya shige wani gida. Tana faɗa tana rage murya, mu kuma mu matsa jikinta. Da na zo wurin nan a labarin sai da tsigar jikina ta tashi, don na riga na san wannan tsoro tun ina ƙarama.

Abu_Maiurno:
Zinariya, wannan imani yana nan a Sudan da Habasha ma, ba ƙasar Hausa da Barno kaɗai ba. Ka ga abin da nake faɗa: ya iya ɗaukar abin tsoronmu ya yi aiki da shi da kyau, mutanenmu ne bai iya ɗauka a matsayin mutane ba.

Malam_Habu_Zariya:
Ina bin muhawarar tun safe. Akwai abin da ya kamata mu tuna don mu yi adalci. A daidai lokacin da Howard ke rubuta wannan, a nan Zariya an shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai ta 1933 ƙarƙashin Rupert East, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara. Ganɗoki jarumi ne mai takobi, ya yi yaƙi da Turawa, ya shiga duniyar aljannu, yana kirari yana sara. Wanda ya tashi da wannan, ko da tafiye-tafiyen Sindbad a teku, ko da littattafan yaƙi da ake sayarwa a kasuwannin Kano, ba zai ji Konan baƙo ba.

To ga tambayata ga ɗan'uwa Abu. A namu labaran yaƙin, waɗanda jarumi ke kashewa ɗari-ɗari, ana kiran su arna ko bayi, suna da suna? Akwai wanda ya taɓa tsayawa ya yi musu makoki? Ban kawo wannan don in kare Howard ba. Na kawo ne don irin wannan labari, ko'ina aka rubuta shi, yakan nemi wasu mutane da zai mai da su itacen wuta. Abin da ya bambanta shi ne a nan mu ne itacen, shi ya sa muka ji zafin.

Abu_Maiurno:
Malam Habu, tambaya ce mai kyau kuma ba zan kauce mata ba. E, namu ma suna da wannan aibi, kuma ya kamata a faɗa. Amma akwai bambanci. Labarin Howard an fassara shi harsuna da yawa, an yi littattafan zane, an yi ta sake buga shi tun daga shekarun 1960 da zanen Frank Frazetta a bangon littattafan Konan. Hoton baƙin mutum mai mashi da ke durƙusa wa farar mace ya zaga duniya. Namu bai fita da wannan nisa ba.

Hauwa_Marubuciya:
Ni a matsayina na mai ɗan taɓa rubutu, N'Gora ne ya fi ba ni tausayi. Shi ne ya bi Konan cikin daji da mutum ashirin neman ruwa. Konan ya ce su yi gaba shi zai tsaya ya ga abin da ke bin su, sai furen ya kwantar da shi. Yana barci aka tarwatsa mutanen da suka dogara da shi. Da ya farka ya tarar N'Gora ya haukace saboda abin da ya gani, ya afka masa, dole ya kashe shi. A wurin nan kam Howard ya nuna Konan ya ji abin a ransa. Layi kaɗan ne, amma yana nan. Wannan ya sa nake ganin marubucin ya iya, bai dai ga dalilin yi ba ne a sauran wuraren.

Maman_Ihsan:
Mu koma kan tambayar Malam Shamsu ta biyu, ko marubucin ya hukunta Belit. Ni na ce ya hukunta ta. Me ta fara ɗauka a ramin da mutum huɗun suka mutu a kai? Sarƙar wuya mai jajayen duwatsu, waɗanda aka siffanta da gudajin jini. Tun da ta riƙe ta hankalinta ya gushe. Aka ce mata dodo yana kan jirgi, ko a jikinta. Konan zai shiga daji, da ƙyar ta amsa masa. Da ya dawo, da me ya tarar an rataye ta a jikin icen jirginta? Da wannan sarƙar. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Kuma Konan bai ɗauki ko tsinke daga dukiyar birnin ba, cikin kogi ya watsa ta.

Lauya_Sadiya:
Yaya Maman Ihsan, an hukunta ta a kan kwaɗayi, na yarda. Amma ba a hukunta ta a kan jinin mutanenta ba. Laifi biyu ne daban. Hujjata ita ce yadda aka sallame ta: an naɗe ta da jar alkyabbar Konan, an kewaye ta da dukiya, an cinna wa jirgin wuta ya shiga teku, ga baitocin waƙarta a farkon kowane babi. Wannan karramawa ce. Kuma tun farko ta san haɗarin kogin. Ita ta ba da labarin jirgin Stijiya da ta taɓa kora ya shige Zarkheba, bayan kwanaki ya gangaro jina-jina, kayansa ba a taɓa ba, mutum ɗaya ya rage kuma ya haukace. Da saninta ta kai mutanenta can.

Ɗan_Gwale:
To wai a tarihi an taɓa yin mace shugabar 'yan fashin teku, ko duk ƙirƙira ce?

Malam_Habu_Zariya:
An yi, ƙanena. Sayyida al-Hurra ta mulki Tetuwan a arewacin Maroko a ƙarni na 16, jiragenta suna kai wa na Sifen da Fotugal hari. A ƙasar Sin akwai Zheng Yi Sao, wadda ta jagoranci rundunar jirage masu ɗimbin yawa har ta yi sulhu da hukuma a 1810. A Ayalan kuma akwai Grace O'Malley, wadda ta gana da Sarauniya Elizabeth ta ɗaya a 1593. Sai dai su mulki suka yi da yarjejeniya da lissafi, kuma mutanensu sun bi su ne don ana raba ganima, ba don sun ɗauke su alloli ba.

Bashir_Mai_Zane:
Game da bautar da mayaƙan ke yi mata, littattafan zane na kamfanin Marvel sun yi ƙoƙarin cike wannan giɓi. Ni ta nan na fara sanin Belit, daga tsofaffin kwafe da nake tsinta wurin masu sayar da littattafan gwanjo a Sabon Gari, wasu ma bangonsu ya yage. Roy Thomas ya ɗauki ɗan tsakanin da Howard ya taƙaita a 'yan layuka, ya shimfiɗa shi daga fitowa ta 58 a 1976 har ta 100 a 1979, John Buscema na zanawa. A can an ba N'Yaga babban matsayi: shi ya tsere da ita tana yarinya bayan an kashe mahaifinta sarki, ya kai ta tsibiran kudu, ya sa mutanensa suka yarda 'yar wata abar bautarsu ce. Ka ga a nan dabarar tsoho ce, ba farin fata kawai ba.

Abu_Maiurno:
Wannan ya nuna su ma a shekarun 1970 sun ga akwai abin gyara. Amma a ƙarshe dai mutanen tsibirin ne aka yaudara.

Hauwa_Marubuciya:
Duk da haka ni zan ce a karanta shi. Wanda ke son koyon yadda ake sa labari ya yi gudu, babi biyar ne kacal, babu inda ya tsaya jan ƙafa. Daga tsallen doki zuwa faɗan jirgi, zuwa shirun kogi, zuwa daren da mutum ɗaya ke zaune a kan dala yana jiran abin da ya kashe masa kowa. A daren nan ba ya tsoro, ba ya kuka, jira kawai yake. Na koyi abubuwa a wurin fiye da a littattafai masu shafi ɗari biyar. A karanta da ido biyu dai, kamar yadda Yaya Abu ke nuna mana.

Shamsu_Kurna:
Na gode ƙwarai jama'a. Har yanzu ina tsakanin Maman Ihsan da Anti Sadiya. Sarƙar ta sa na yarda marubucin ya san Belit ta yi laifi, amma ban ga alamar ya san wane laifin ne ya fi girma ba.

Ɗan_Yauri:
Ni kuma wani abu nake so a warware mini. Dawowar da ta yi, da gaske ta dawo, ko idon Konan ne ya nuna masa saboda yana bakin mutuwa kuma ya shaƙi furen nan? Mutum in ya galabaita a ruwa yakan ga abin da babu.

Ustaz_Nura:
Ni ma na fi karkata ga cewa gizo idonsa ya yi masa. Alkawarin da ta yi yana cikin kansa, ga gajiya, ga zubar jini.

Maman_Ihsan:
A'a Ustaz, ku koma babi na huɗu ku duba. Ba Konan kaɗai ya gan ta ba. Dodon ma ya gan ta, shi ya sa ya ja da baya a firgice yana kare kansa da hannuwa, kuma wannan ɗan jinkirin ne ya ba Konan damar ture dutsen ya kai ga takobinsa. Furen da Konan ya shaƙa ba zai sa dodo ya tsorata ba.